Masu Tafiya Aiki Waje Da Masu Tsaron Gida: Ina Rabon Ƙasa?

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A tsakanin waɗannan karin magana biyu muke son mu ajiye zancenmu na wannan mako, wato batun ma'aikacin gwamnati wanda ke rufe ofishinsa ya tafi yi wa wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa aiki, ya share shekaru a can, sa'an nan wata rana ya ɗauko jakarsa ya dawo ya ce a ba shi kujerarsa.

Batun tsoho ne, amma lokaci ya sake taso da shi. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, kuma a cikin wannan shekara ƙungiyar ta sanar da ma'aikatanta ƴan ƙasashen uku cewa aikinsu ya zo ƙarshe. A watan Maris 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato OIF. A shekarar ce kuma Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, kuɗin taimako ya ja baya, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da dama suka rage ma'aikata. Ƙofofin da ƴaƴan ƙasar nan suka daɗe suna fita ta cikinsu sun ragu, kuma dole wasu daga cikin waɗanda suka fita su kamo hanyar gida. Wanda a cikinsu sunansa ke rubuce a rajistar ma'aikatan gwamnati, haƙƙinsa ne ya nemi a mayar da shi bakin aiki. To, jama'a, me ƙasa ta tanada musu? Me kuma take bin su?

Abin da doka ta shimfiɗa

Bari mu fara da ƙa'ida, don ɗan kasuwa mai karanta mu ya gane abin da ƴan ofis ke nufi in suna zancen. Tsarin aikin gwamnati da muka gada daga Faransa, wanda dokar 1989 ta ɗauka, dokar 23 ga Yuli 2007 kuma ta maimaita, ya buɗe wa ma'aikaci ƙofofi biyu na fita ba tare da ya yi murabus ba.

Ƙofa ta farko ita ce wadda ake kira detashiman. Gwamnati ta ba da aron ma'aikacinta ga wata hukuma. Sabon ubangidan ne ke biyan albashi, amma lambar ma'aikacin tana nan daram a ma'aikatar kula da ma'aikata, shekarunsa na ci gaba da ƙirguwa wajen hawa mataki da wajen ritaya, muddin ana zuba kason da ya wajaba a asusun fansho. In wa'adi ya cika, doka ta ce a mayar da shi cikin sahunsa.

Ƙofa ta biyu ita ce dispo. A nan ma'aikaci ne ke roƙon a sallame shi na wani lokaci don buƙatar kansa. Albashi ya tsaya, hawa mataki ya tsaya, ƙirgen ritaya ya tsaya, sai dai igiyar ba ta tsinke ba.

Babu mai hankalin da zai ce a toshe waɗannan ƙofofi. Ƙasar da ke biyan kuɗin zama mamba a wata ƙungiya, kuma ba ta da ɗa ko ɗaya a cikin ofisoshinta, ta zama mai sayen tuwo a ci a gabanta. Ayar tambayarmu ita ce yadda ake bi ta ƙofofin: wa ke fita, na tsawon wane lokaci, wa ke maye gurbinsa, kuma da me yake dawowa.

Manyan da kowa ya sani

Tarihin siyasar ƙasar nan cike yake da masu wannan zirga-zirga. Marigayi Ide Umaru ya bar kujerar ministan harkokin waje a 1985 ya zama babban magatakardan ƙungiyar haɗin kan Afirka, OUA, har 1989. Hamid Algabid, wanda ya yi firaminista daga 1983 zuwa 1988, ya riƙe ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OCI, daga 1989 zuwa 1996, ya dawo ya jagoranci jam'iyyar RDP-Jama'a. Ibrahim Hasan Mayaƙi ya sauka daga firaminista a farkon 2000, ya shugabanci hukumar NEPAD daga 2009 zuwa 2022. A'ishatu Mindaudu, bayan shekaru a ma'aikatar harkokin waje, ta wakilci babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodibuwa daga 2013 zuwa 2017. Waɗannan sun ɗaga sunan Nijar, kuma babu mai musun haka.

Sai kuma waɗanda aka kirawo. A nan ne muke son mai karatu ya lura da lokutan da ake kiran. A watan Oktoba 1991, da baitulmali ya bushe, Babban Taron Ƙasa ya ɗauko Shaifu Amadu daga ofishin hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, da ke Dakar, ya damƙa masa gwamnatin riƙon ƙwarya. Da ya gama a 1993 ya koma wurin aikinsa. A Fabrairu 1995, ana tsakiyar rikici tsakanin shugaban ƙasa da majalisa, aka kawo Amadu Bubakar Sise daga Bankin Duniya. Majalisa ta sauke shi cikin mako biyu, aka sake kiransa a Disamba 1996. Kwana uku bayan juyin mulkin 27 ga Janairu 1996, Bukari Aji, mataimakin gwamnan bankin BCEAO, ya zama firaminista. A Oktoba 2009, lokacin rigimar Tazarce, aka naɗa Ali Bajo Gamace, wanda shi ma ya riƙe mataimakin gwamnan BCEAO. A Agusta 2023, ƙasa na cikin takunkumi, aka kirawo Ali Mahaman Lamin Zen daga Bankin Raya Afirka, BAD. Ɗan jahar Tawa ma yana cikin jerin: Uhumudu Mahamadu, wanda ya yi minista a riƙon ƙwaryar 1991, ya tafi CEDEAO a matsayin mataimakin babban magatakarda, ya dawo, ya zama firaminista a 2021.

Abin ba mu kaɗai ya shafa ba. A 1990 taron ƙasar Benin ya ɗauko Nisefor Soglo, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, Kodibuwa kuma ta ɗauko Alasan Watara daga BCEAO. Najeriya ta kawo Ngozi Okonjo-Iweala daga Bankin Duniya a 2003, ta taka rawa wajen yafe wa ƙasar bashin dala biliyan 18 a 2005, ta koma Bankin a 2007, aka sake kiranta a 2011.

Darasin da ke cikin wannan jeri mai ɗaci ne. Ba mu tunawa da ɗanmu na waje sai gobara ta kama jinka. Kuma abin da ake nema a wurinsa sau da yawa shi ne fuskarsa, wadda masu ba da lamuni suka sani, domin a samu a buɗe famfon kuɗi. In famfo ya buɗe, ko kuma ya ƙi buɗewa, sai a yi masa godiya a raka shi filin jirgi. Ilimin da ya tara bai samu lokacin shiga jikin ma'aikatun gwamnati ba.

Ƙananan da ba a ƙirgawa

Amma mutumin Ƙonni, ko na Malbaza, ko na Illela, tafiyar firaminista ba ta hana shi barci. Tafiyar da ke taɓa aljihunsa ita ce ta injiniyan ruwa, da likita, da malamin gona, da likitan dabbobi, da mai lissafin kuɗi. Kuma su ba sai sun haye jirgi ba. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa tana zuwa har gida, ta kama haya a Tawa ko a Yamai, ta liƙa allo ta ce furoje. Ma'aikaci ya tsallaka titi kawai, ya bar ofis mai fanka ya shiga ofis mai sanyi, ya bar babur ya hau kat-kat. A takarda yana cikin ƙasa, amma ga manomin da ke jiransa, da shi da wanda ke Janeba duk ɗaya ne.

Mu dubi ƙasarmu da idon basira. A Ƙonni akwai filin noman rani na gwamnati mai faɗin hekta 2,400 da ɗoriya, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, yana shan ruwan Majiya ta madatsun Mozage da Zango da tafkin Cerasa. Fili irin wannan ba ya rayuwa da siminti kaɗai. Yana buƙatar wanda ya san yawan yashin da ke cike madatsa kowace damina, ya san magudanar da ke yoyo, ya san ƙa'idar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, ya kuma san halin shugabannin ƙungiyoyin manoma. Wannan sani ba ya cikin littafi. Shekaru ne ke koyar da shi. Filin ya tsufa har sai da aka sa gyaransa cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Mai gyara kuwa yakan tafi in ya gama. Wanda zai zauna ya yi ta kula shi ne ma'aikacin gwamnati, kuma shi ne wanda furoje ke fara zawarci.

A Galmi akwai albasar da sunanta ya kai Abijan da Akara. A Malbaza akwai masana'antar siminti tun shekarun 1960, da tashar wutar hasken rana da aka buɗe a 2018. Ƙonni kuwa baki da hanci take da Illelar Najeriya, kuma babbar hanyar ƙasa ta ɗaya ta ratsa ta. Duk buhun da ya tashi, duk sa da aka kora zuwa kasuwa, duk babbar motar da ta tsaya a duwan, akwai takardar da wani ma'aikaci zai duba ya sa wa hannu. In kujerarsa ba kowa, ko kuma an aza wanda bai san aikin ba, ɗan kasuwa ne ke biya: kwana a bakin ofis, albasa na ruɓewa a rana, direba na cin kuɗin abinci, daga ƙarshe a nemi ƴar hanya. Kujera marar kowa ita ce uwar cin hanci.

A tuna kuma cewa a 2011 an ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63. A lokacin ne aka cire Malbaza daga Ƙonni, aka cire Bagaruwa daga Illela. Kowace sabuwar gunduma tana son daraktan noma, da na kiwo, da na ruwa, da na gandun daji, da na lafiya, da na ilimi. An ninka kujeru, ba a ninka gwanaye ba. A irin wannan hali, tafiyar mutum ɗaya daga Malbaza ta fi tafiyar goma daga Yamai ciwo, domin a Yamai akwai na biyu da na uku, a Malbaza kuwa sau da yawa shi ne na farko shi ne na ƙarshe.

Kuma wa ya horar da shi? Talaka ne. Da harajinsa aka gina lakwal, aka biya bursi, aka tura yaro makarantar aikin gona ta Kollo, ko makarantar kiwon lafiya ta Damagaram, ko ENA, ko jami'ar Abdu Mumuni, ko makarantar injiniyoyi ta Wagadugu. Gwamnati ta ɗauke shi ɗanye, ta yi haƙuri da kurakuransa na shekarun farko, sai da ya nuna ya yi zaƙi wani ya miƙo hannu ya tsinke. Ƙungiyoyin su kansu sun san da wannan illa. A yarjejeniyar Paris ta 2005 masu ba da agaji sun yi alkawarin rage ofisoshin furoje masu tafiya kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatun gwamnati. A 2010 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da ƙa'idar da ke gargaɗi kan kwashe ma'aikatan lafiya daga ƙasashen da ke fama da ƙarancinsu. Alkawari dai an yi shi. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya koro ɓera

Adalci ya wajaba a kanmu. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ya san abin da ake nufi da wata ya mutu ba albashi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi shi. Ya san yajin aikin USTN, ya san bashin mai kanti da na mai gidan haya. Ƴan kasuwar Ƙonni da suka riƙa rubuta sunayen malaman makaranta a littafin bashi shaidu ne. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. A dare ɗaya albashin wanda ake biya da dala ya ninka in an juya shi sefa, na ma'aikacin gida kuwa ya tsaya kusan inda yake alhali magani da taki da kayan mota sun yi tashin gwauron zabo. Tsarin tsuke bakin aljihu da FMI da Bankin Duniya suka gindaya ya taƙaita ɗaukar ma'aikata, har daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma cike azuzuwa da malaman kwantaragi. Mutumin da ke da mata da ƴaƴa da tsofaffi a ƙauye, in ya samu inda za a biya shi ninkin-ba-ninkin kuma a kan kari, wa zai ce masa kada ya tafi?

Bayan kuɗi akwai mutunci. Tun da aka shiga zamanin jam'iyyu da yawa, ma'aikata suka koyi cewa katin jam'iyya ya fi takardar shaidar karatu nauyi. Gwamnati ta sauya, darakta ya sauya, har mai gadi ya shiga fargaba. Wasu sun nemi detashiman ne domin su tsira daga canjin wurin aiki na ramuwar gayya. Wasu kuma gwamnati ce da kanta ta nema musu kujera a waje don ta rabu da bakinsu. Saboda haka in ana neman mai laifi, kada a tsaya kan wanda ya tafi. A duba wanda ya mayar da gida wurin da ba ya zaunuwa.

Ranar dawowa

Yanzu ga shi ya dawo. Abu uku ne kan faru, kuma kowanne da illarsa.

Na farko, a ajiye shi a abin da ƴan ofis ke kira gareji. A ba shi sunan mai ba da shawara, ba tebur, ba fayil, ba mai tambayarsa komai. Ya zo da safe ya gaisa, ya karanta jarida, ya koma gida. Mutumin da ya tafiyar da aikin miliyoyin dala a wata ƙasa, ga shi baitulmali na biyansa don ya yi hamma. Wanda ke kan kujera yana tsoronsa, minista bai san shi ba. Bayan shekara ɗaya ya gaji, ya sake neman hanyar fita, wannan karon ba dawowa.

Na biyu, a ɗora shi bisa kan waɗanda suka zauna. Abokin karatunsa ya yi shekara 15 tsakanin Badagishiri da Tajaye da Dogerawa, ya sha rana, ya sha bashin albashi, ya binne abokan aiki. Shi kuwa matakinsa na ta hawa a takarda yana can, ya dawo da gida a Yamai da mota da sanayya, aka ce shi ne shugaba. In ya cika shekara 5 a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya yana da haƙƙin fanshonta, ga kuma na gida yana jiransa. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saƙon da ake aika wa matasan ma'aikata a fili yake: mai haƙuri wawa ne, kowa ya nemi hanyarsa. Daga nan sai ka ga ma'aikaci ba ya da aiki sai farautar taron bita da kuɗin zama, yana gyara takardunsa don ranar da furoje zai yi kira.

Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne mai dawowa da ƙafa ɗaya. Bai ajiye aikinsa na can ba, hutu ya ɗauka. Jiya yana gefen tebur na masu ba da bashi, yau yana gefen masu karɓa, gobe kuma zai koma inda ya fito. Ba mu zargin kowa da cin amana. Amma Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ɗan Adam ba ya son ɓata wa wanda zai koma nema wurinsa. Lokacin da ake shawarar sayar da kamfanonin gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, har da masana'antar simintin Malbaza, ma'aikata da iyalansu suna da haƙƙin su san cewa duk wanda ke magana da sunan Nijar ba ya da wata kujera da ke jiransa a gidan mai ba da bashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare kanta daga wannan: sashe na 100 na kundinta ya hana ma'aikacinta karɓar umarni daga kowace gwamnati, har da ta ƙasarsa. In ita ta san taura biyu ba ta taunuwa, mu me ya hana mu sani?

Darasin manoman Illela

Wanda ke son ya ga yadda ake tafiya a dawo da alheri, ba sai ya je nesa ba. A 1989, cikin wani shiri da asusun raya noma na duniya, FIDA, ya ɗauki nauyinsa a gundumar Illela, an kai wasu manoma ƙalilan ƙasar Yatenga ta Burkina Faso. A can suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka, a zuba masa taki, ya tare ruwan sama. Tassa ba baƙuwa ba ce a Adar, amma sun ga yadda aka inganta ta. Suka dawo suka gwada a kan faƙon da kowa ya yafe. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da hatsi inda na maƙwabta suka ƙone. Ba a buƙaci wani dogon wa'azi ba. Cikin ƴan shekaru dubban hekta suka farfaɗo, faƙo ya yi daraja har aka shiga saye da sayar da shi, matasa suka samu sana'ar haƙar tassa.

Me ya sa tafiyarsu ta yi albarka? Sun san abin da suka je nema. Ba su daɗe ba. Sun dawo gonar da suka bari, suka aikata abin da suka gani a gaban idon jama'a. Ga ma'auni nan, kuma da shi ya kamata a auna mai digiri.

Abin da muke kira a yi

Na ɗaya, a ƙirga. Ma'aikatar kula da ma'aikata ta buga, sau ɗaya a shekara, yawan waɗanda ke detashiman da dispo: fanninsu, inda suka fito, inda suke, da ranar da wa'adinsu zai cika. Makiyayin da bai san yawan shanunsa da ke kiwo a wani daji ba, ya daina kiran kansa mai garke.

Na biyu, kada a sa hannu kan takardar tafiyar ma'aikaci daga gunduma sai magajinsa ya iso, sun zauna tare, an miƙa fayiloli da makullai a rubuce, farfe ya shaida. A fannonin da gwanaye suka yi ƙaranci, kamar aikin likita da injiniyancin ruwa, ƙungiyar da ta ɗauki mutum ta ɗauki nauyin horar da wanda zai gaje shi. A rubuta wannan cikin yarjejeniya tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane.

Na uku, wa'adi ya zama wa'adi. Wanda ya wuce iyakar da doka ta yanka, a ba shi zaɓi cikin mutunci: ya dawo, ko ya ajiye aikin a ba wani matashi gurbinsa. Dubban masu digiri na zaune ba aiki. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya kama kujera biyu shekara 20. A kuma tabbatar kason fanshonsa na shiga asusu a kan kari, don kada masu tsaron gida su biya masa ritaya.

Na huɗu, wanda ya dawo ya fara da cikin ƙasa. Shekara 2 a Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ko wata gunduma irinsu, kafin a yi zancen babbar kujera a Yamai. Ya zauna da ƙungiyoyin manoma, ya koyar a jami'ar Tawa, ya horar da ƙananan ma'aikata. Tun 1977 hukumar PNUD ta ƙirƙiro shirin TOKTEN a Turkiyya don gwanayen da ke waje su riƙa komawa gida suna koyarwa, kuma Mali ta yi amfani da shi a jami'ar Bamako. In na waje zai iya zuwa ya koyar na wata ɗaya, wanda ya dawo gaba ɗaya ba shi da uzuri. Gwamnati kuma ba ta da uzurin ajiye shi a gareji.

Na biyar, wanda aka kira ya riƙe ma'aikatar kuɗi ko ta fasali, ko ya jagoranci shawarwari da masu ba da lamuni, ya bayyana wa jama'a ko ya yanke igiyarsa da tsohon ubangidansa. In bai yanke ba, ya janye daga duk shawarar da ta shafi wannan gida. In ya sauka, a sa tazara kafin ya koma can.

Na shida, a saka wa mai zama. Shekarun da ma'aikaci ya yi a karkara su yi nauyi wajen ƙarin girma, alawus ɗin nesa ya zama na gaske, a kuma buɗe masa shi ma damar tafiya. Kujerun da Nijar ke da haƙƙinsu a ƙungiyoyin da take ciki, kamar UEMOA da CILSS da Tarayyar Afirka, a riƙa shelanta su kowa ya ji, a yi gasa, maimakon a raba su a ɗaki tsakanin ɗan wane da surukin wane. Malamin gonar Tsarnawa shi ma ɗan ƙasa ne.

Ga ƴan'uwanmu da ke kan hanyar dawowa kuwa, muna cewa barka da zuwa, gida naku ne. Sai dai ku shigo da sallama. Waɗanda kuka bari sun riƙe ofisoshin nan lokacin da babu takarda, babu mai a mota, babu albashi, kuma sun san abubuwan da ba a koyarwa a Washinton. Ku ba su girmansu, su ma za su karɓi abin da kuka zo da shi.

Ga hukuma kuma, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ana ta maganar ƴancin kai da dogaro da kai, kuma magana ce mai daɗin ji. Amma ƙasar da ba ta san inda gwanayenta suke ba, ba ta cike gurbinsu in sun tafi, ba ta kuma san abin da za ta yi da su in sun dawo, za ta ci gaba da hayar baƙo da tsada ya zo ya gaya mata abin da ɗanta ya sani. Manomin Cerasa da ɗan kasuwar Galmi sun riga sun biya kuɗin karatun nan. Lokaci ya yi da za su ga amfaninsa a bakin magudanar ruwa da kan teburin ofis. Allah ya sa masu iko su ji, ya kuma ba su ikon gyarawa.